Habi Matar Shugaba da Jirgin Halliru

In an ce matar shugaba, kada zuciya ta tafi ga mota da 'yan rakiya. Shugabancin da mijin Habi ya riƙa na manoman albasa ne, a Wurno, zamanin Turawa, kuma kayan sarautar kaf ba su wuce wata kujerar katako mai ɗingishi da ƙararrawa irin ta makaranta ba. Amma shugaba shugaba ne ko da na zabi ne, matarsa kuwa matar shugaba. Ita Habi ba ta taɓa ɗaukar abin da wasa ba.

A Taloka aka haife ta, can ƙasar Goronyo, a gidan masunta. Tun tana yarinya aka san ta da hali biyu: sakin hannu da rashin mantuwa. Ka ba ta ɓarin ƙuli yau, za ta yi maka godiyarsa ranar sunan jikanka. Ka taka ta ka wuce ba ka ce sannu ba, shi ma yana nan ajiye, ba ya tsufa, gara ba ta cinsa. Mutanen Taloka sun daɗe suna ba da labarin wani bunsuru da ya tunkuye ta ya zubar mata da furar talla. Ba ta yi kuka ba, ba ta jefe shi ba. Ido kawai ta sa masa har ranar da mai shi ya yanka shi, sai ga ta ta zo ta tsuguna da ladabi tana roƙon a bar mata babbakar kan.

Uwarsu ta rasu da wuri, ta bar mata ƙanwa, Mairo. Habi ce ta goye ta, ita ta koya mata daka da kitso da yadda ake ɓare kifi ba a ji ƙaya ba. Mairo ta tashi mai fara'a, irin yaran da ake jin dariyarsu kafin a ga fuskarsu. Da lokaci ya yi, Habi ta auri Maccido, manomin albasa a Wurno, mutum mai sanyin randa, wanda ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya bar shi ya gama abin da ya kawo shi. Mairo kuma ta yi aure a Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye a ƙetaren gulbin Rima. Da rani ana ratsawa da ƙafa, 'yan'uwan biyu su wuni tare. Da damina kuwa gulbi ya cika ya batse, ba mai haye shi sai a jirgin Halliru.

Halliru shi ne Sarkin Jirgi na wannan mashiga, gado ya yi wajen ubansa. A lokacin ƙato ne majiyi ƙarfi, mai son girma, mai tsoron na sama da shi daidai gwargwadon yadda yake son na ƙasa su ji tsoronsa.

Wata damina Mairo ta tashi haihuwar fari. Habi ta haye tun da wuri ta zauna da ita. Naƙuda ta zo, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, tsofaffin Tunga suka ce ɗan a gicciye yake. A Wurno akwai ɗakin magani, akwai kuma wata tsohuwar ungozoma da ta iya juya ɗa a ciki. Aka ciro ƙyauren kara, aka kwantar da Mairo a kai, aka yi bakin gulbi da ita da hantsi.

Jirgi na nan ɗaure, Halliru na zaune a gefensa yana cin goro.

Habi ta ce, “Sarkin Jirgi, taimaka ka haye da mu. Ƙanwata ta, haihuwa ta zo da gardama.”

Ya ce, “Jirgin ga ba shi motsi yau. Kayan Bature ni ka jira.”

Ashe wani Baturen rangadi ya haye tun jiya, sauran kayansa ne ke tafe a kan 'yan alaro masu dako, kuma an aiko wa Halliru cewa kada kayan su iso su tarar ba jirgi.

“Kayan ba su ko iso ba. Kahin a hango ƙurarsu ka kai mu ka dawo.”

“In sunka iso ba ni nan hwa? Wuyan wa za a kama, naki ko nau?”

Habi ta durƙusa. Ba a taɓa ganin gwiwarta a ƙasa gaban wani namiji ba in ba ubanta ba. Mijin Mairo ya roƙa, tsofaffi suka roƙa. Halliru ya tofar da tukar goro ya ce, “Ku yi haƙuri mana. Haihuwa ai ba yau anka hwara ta ba.”

A bakin mashigar akwai wani babban gawo, shi ya ba ƙauyen suna. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi yake kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara. Ba inuwa ko ta tafin hannu. Habi ta cire mayafinta ta riƙe shi a kan Mairo, hannuwanta a sama, tun hantsi har rana ta karkata. Ana kiran la'asar Mairo ta cika, da abin da ke cikinta.

Ba a jima ba 'yan alaro suka iso. Bahon wanka ne, da kujera mai naɗewa, da akurkin kaji. Aka loda, Halliru ya ɗauki sandar tuƙi. Da zai tura jirgin, Habi ta ɗago kai ta dube shi, idonta a bushe, ta ce, “Sannu da aiki, Sarkin Jirgi.”

Mutanen Tunga suka ce kai, wannan mata akwai tawakkali. Da labarin ya kai Taloka, tsofaffin can suka dubi juna.

Ba inda aka kai ƙara. Wa za ka kai, ka ce me? Kwana ya ƙare, in ji mutane. Habi ta koma ɗakinta, ta ci gaba da daka da shara. In ta gamu da Halliru a hanya ta gaishe shi, ta tambayi iyali.

Bayan 'yan shekaru Baturen gona ya zo ya ce manoman albasa su haɗa kai su yi jam'iyya, su zaɓi shugaba. Manya suka taru a gindin durumi. Kowa ya san in Bature ya ce shugaba, yana nufin wanda za a kira in abu ya ɓaci, saboda haka duk wanda aka nuna sai ya tuna yana da ciwon baya. Maccido kaɗai ne bai ƙi ba, domin gyangyaɗi yake yi, kansa na sauka yana tashi, aka ɗauka amincewa ce. Ya farka ya ga ana ɗora masa kujera a ka.

Ya shiga gida da ita yana neman wanda zai yi masa jaje. Habi ta zagaya kujerar, ta kaɗa ƙararrawar, ta ce, “Malam, kai na shugaban mazan. To matansu hwa, wa ka shugabantarsu?”

“Bature bai ce komi ba bisa mata.”

“Madalla. Ke nan bai hana ba.”

Daga ranar aka fara kiranta Matar Shugaba, da farko da zolaya, daga baya da gaske. Ta tara matan manoma a tsakar gidanta. Ba ta yi musu dogon jawabi ba. Cewa ta yi, duk macen da ta haihu tana bukatar itacen wankan jego da ruwa, kuma kowa ta san yadda mai jego marar 'yan'uwa ke wankan da ruwa mai ɗumi-ɗumi don itace ya ƙare. Daga yau kowace mace in ta dawo daga daji ta jefa icce ɗaya a bayan ɗakin Habi. Kafin wata ya zagayo tarin ya fi ɗakin tsawo, Maccido ya rasa inda zai ɗaure jakinsa. Wadda duk ta haihu, mata su kai mata itace, su yi mata daka, su ɗebo ruwa har ta yi arba'in.

Abu ya yi daɗi, ya bazu. Ta ari jakin Shugaba, wanda daga nan bai ƙara zama nasa ba, ta tafi Lahodu, ta tafi Kagara, ta kai har Rabah, ta koma gida Taloka da Goronyo. Ko'ina ta sauka sai ta bar tarin itace da wata dattijuwa mai kula da shi. Ta sa tsohuwar ungozomar Wurno ta koya wa mata uku na ƙauye abin da ta sani kafin ƙasa ta rufe mata ido. Ta sa aka ɗaga bakin rijiyar unguwa bayan wata yarinya ta zame ta faɗa. Ta taɓa zama a ƙofar wani attajiri da ya hana matarsa zuwa ɗakin magani, ta baje audugarta tana kaɗi, duk wanda ya zo wucewa ta gaya masa dalilin zamanta, har mai gidan ya fito da kansa ya ɗora matar a kan jaki.

Sannu a hankali ya zamana ba a suna, ba a biki a wannan yanki sai da Habi. Ita ke cewa a ɗora tukunya, ita ke cewa a sauke. Har gidan Halliru ba ta ƙyale ba: da matarsa Asabe ta haihu, itacen Habi ne ya dafa mata ruwa, Habi ce ta riƙa gasa mata jiki. Halliru ya gani ya ce a ransa magana ta wuce. Shi ma lokaci ya yi masa kirki. Ya yi tumbi, ya yi rawani, ya daina taɓa sandar tuƙi, barori ke yi masa. Ya aika har Yawuri aka sassaƙo masa sabon jirgi, dogo, mai ɗaukar jaki da kayansa, wanda yake shafawa da hannu kamar doki.

Amma mashigar tana nan yadda take. Kowace damina sai an ji wata mace ta Tunga ko ƙauyukan bayanta ta kwanta a bakin gulbi tana jiran a gama haye da buhunan wani babba. Wasu su kai, wasu ba su kai ba. Habi na jin kowane labari, tana ajiyewa wurin da take ajiya.

Sai Allah ya kawo auren Isa, babban ɗan Halliru. Yarinyar da yake so, ita ma take sonsa, Hauwa'u ce, 'yar Tungar Gawo. A hannun Habi aka haife ta, itacen Habi ya yi wa uwarta jego. Da aka tashi neman uwar biki wadda za ta kai amarya ɗakinta, ba a ko yi shawara ba.

Ana jibi biki Maccido ya ji matarsa na niƙa tana waƙa. Tunda ya aure ta bai taɓa jin ta yi waƙar niƙa ba. Ya leƙo ya ce, “Habi, lahiya?”

“Lahiya lau, Shugaba. Biki mu ka yi.”

“Wanga murmushi naki ba na biki ba na. Don Allah ki tuna albasar jam'iyya cikin jirginai ta ka hayewa.”

“Albasa ba ta naƙuda, Malam. Tana iya jira.”

Ya koma zaure ya zauna a kujerarsa, ya ji ta fi kullum ɗingishi.

Farkon kaka ne, gero ya shigo, gulbi bai janye ba. Amaren ƙetare da rana ake kai su, saboda ruwa. Tun da hantsi Halliru ya sa aka yi shimfiɗu a gaɓar Wurno. Ya gayyato wakilin hakimi, da liman, da attajirai, da makaɗa. Ya sha babbar riga mai aska, ya naɗa rawani har yana rufe masa kunne. Ya tura babban baransa Mode da sabon jirgin, an shimfiɗa masa darduma, ya ɗauko amarya.

Daga can aka hango mata sun fito daga Tunga, jere kamar tururuwa, da tasoshi da kwalla da taburmi a ka, guɗa na tashi. Suka iso bakin ruwa. Sai aka ga sun sauke kaya a gindin gawo, wanda yanzu ya fara sabon ganye, sun shimfiɗa taburmi, sun zaunar da amarya a tsakiya, sun zauna.

Mode ya ce, “Inna, bisimilla, ga jirgi.”

Habi ta ce, “Mun gani. Kyawo gare shi.”

Ta ciro audugarta ta fara kaɗi.

Mode ya koma ya faɗa. Halliru ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Kowa ya san al'adar 'yan kai amarya: sukan toge a hanya, su ce ƙafar amarya ta yi nauyi, sai dangin ango sun ba da ɗan abin da zai sauƙaƙa ta. Ya ce wa wakilin hakimi, “Mata ke nan, ranka shi daɗe. Kai musu goro, Mode.”

Aka kai ƙwaryar goro. Mata suka karɓa, suka raba, suka ci, suka yi godiya, ba wadda ta motsa.

Ya aika da turmin zane. Suka buɗe, suka yaba, wata ta gwada a ƙugunta, aka naɗe aka mayar wa Mode.

Halliru ya ce lalle matan Tunga sun yi tsada bana. Ya sa aka kamo rago aka saka a jirgi. Ragon ya haye, ya ci ciyawar ƙetare, ya dawo. Mode ya share gumi ya ce, “Sarki, ragon ga ya hi amarya yawo cikin jirgin ga.”

Rana ta take. Tuwon shinkafa ya huce, man shanu ya daskare a kan miya. Makaɗa suka gaji da kirarin Halliru, suka fara sakin habaici a cikin kiɗa. Ango, wanda al'ada ta ɓoye shi a gidan abokinsa, ya aiko sau uku yana tambaya ko jirgi ya nutse ne.

A can gindin gawo ita ma amarya ta ƙosa. Ta yi kukan rabuwa da gida tun daga ɗakin uwarta har hawayen suka ƙare, ga zafi cikin lulluɓi. Ta matso ta raɗa wa Habi, “Inna, har yaushe?”

“Kin amince jiya, ɗiyata.”

“Na amince. Amma ban san rana za ta yi haka ba. In ya yi hushi ya ce a hwasa hwa?”

“Wa? Isa? Wanda ya rame kamar kara saboda ke? Zauna. Watan wata rana ke za a ɗauko bisa ƙyaure a kawo wurin ga. Don ranar mu ka zaune.”

Hauwa'u ta gyara lulluɓinta, ta ce a miƙo mata fura.

Halliru ya daina dariya. Ya sa aka kirawo Maccido daga cikin 'yan biki, ya ce, “Kai na Shugaba ko ba kai ba? Tahi ka tsawata ma matarka.”

Maccido ya aika gida aka ɗauko ƙararrawa, don ya ji ƙarfin gwiwa. Ya haye, ya tsaya gaban mata ya kaɗa ta, ya buɗe baki. Habi ta ce, “Sannu da zuwa, Shugaba. Ku ba Shugaba tabarma, rana ta buge shi.” Aka ba shi tabarma da ludayi. Daga gaɓar Wurno aka hango Shugaba ya jingina da gawo yana shan fura. Bai dawo ba.

Halliru ya ce to, a tura barori su ɗauko yarinyar, ai an riga an ɗaura aure. Liman ya girgiza kai. Wakilin hakimi ya ce, “Sarkin Jirgi, amaryar da ƙattai sunka ɗauko ba mata ba guɗa, wagga ba amarya ba ta, kamu na. Kak ka sa ni cikin wanga.”

Halliru ya aika cikin gida a gaya wa Asabe ta tara matan gidan su haye su karɓo ta. Saƙo ya dawo cewa Asabe ƙafarta na ciwo. Ƙannensa mata fa? Su ma ƙafa. Matan barori? Abin mamaki, ciwon ƙafa ya shiga gidan gaba ɗaya tun da safe.

Da ya ga baƙi sun fara neman takalmansu, sai ya tattara riga ya shiga jirgi. Wakilin hakimi da liman suka ce za su raka shi, wai don sulhu, amma fuskokinsu na masu zuwa kallon dambe ne.

Ya sauka a kan rairayi. Inuwar gawo ta cika da mata, ba wadda ta matsa masa. Ya tsaya a rana.

“Matar Shugaba, mi ku ka jira?”

Habi ba ta ɗaga kai daga mazarinta ba. “Kaya mu ka jira, ranka shi daɗe.”

“Wane kaya? Ga kayan amarya nan jibge.”

“Kayan Bature.”

Tsofaffin Tunga suka sunkuyar da kai. Halliru ya dubi gawon, ya dubi rairayin da yake tsaye a kai, bakinsa ya buɗe bai rufe ba.

Da ƙyar ya ce, “Habi, wanga zance ya daɗe. Umurni anka ba ni.”

“Umurni anka ba ka ka jira. Ba a ba ka umurnin tohe goro gaban mai naƙuda ba.”

“Baƙina na watsewa. Dubi girman Allah, ki rufa mani asiri.”

“Yi haƙuri mana, Sarki. Aure ai ba yau anka hwara shi ba.”

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ita kaɗai, doguwa, marar daɗin ji.

“Hwaɗi abin da ki ka so.”

“Sai an yi la'asar.”

Haka ya tsaya. Ya nemi ya koma jirgi ya zauna, ya ga duk gaɓar Wurno ta cika da mutane suna kallo, komawa ba amarya ta fi tsayuwar muni. Gumi ya jiƙa rawani, shunin rigar ya zubo masa a wuya. Ba wadda ta zage shi, ba wadda ta dube shi. Mata na hirarsu ta farashin daddawa. Sai da inuwa ta miƙe liman ya yi kiran salla a nan bakin ruwa, aka yi, aka shafa.

Sannan Habi ta naɗe zarenta ta miƙe. Ta ce liman da wakilin hakimi su zama shaida. Jirgin Yawuri daga yau a gaɓar Tunga zai riƙa kwana, na mata ne, su za su zaɓi mai tuƙa shi. Mace mai naƙuda, ko mai ɗauke da yaro marar lafiya, ita ce gaba da kayan kowa a wannan mashiga, ko kayan wane ne.

Halliru ya ce, “Jirgin Yawuri? Ɗauki tsohon, in ƙara maki da saniya.”

“Tsohon yoyo shi kai. Na Yawuri.”

Ya dubi wakilin hakimi ko zai cece shi. Wakilin, wanda uwarsa 'yar ƙetare ce, ya ce shi dai bai ji abin da ya saɓa wa shari'a ba. Halliru ya haɗiye yawu ya ce ya ba da.

Habi ta ce, “Saura guda. Amaryar ga kai za ka tuƙa ta da hannunka. Tuɓe rawani, kas shi jiƙe.”

Mutumin da ya shekara goma sha bai riƙa sanda ba, ga tumbi, ga gajiyar tsayuwa. Ya tuɓe riga da rawani ya miƙa wa Mode, sanƙonsa na ƙyalli. Mata suka shiga da amarya, guɗa ta ɓarke ta gaske. Ya kafa sanda ya tura, jirgi ya juya ya dubi Tunga. Ya sake turawa, ya juya ya dubi Wurno, ya zarce ya sake duban Tunga. Wata daga cikin matan ta ce, “Sarki, mun yi bankwana da su tun ɗazu.” Ruwa ya ja su ƙasa, suka wuce shimfiɗun biki, makaɗa na bin su a gaɓa da gudu suna kiɗa, har jirgin ya je ya kafe a cikin laka wajen fadamar albasa. Nan amarya ta sauka, aka goya ta aka fitar.

Halliru ya tsaya cikin laka har gwiwa, tafin hannunsa duk ya saluɓe. Habi ce ta ƙarshen fita. Ya ce da ita a hankali, yadda ba mai ji, “To, kin rama. Yanzu kin yahe mani?”

Ta tattare zanenta don kada ya taɓa laka. Ta ce, “Jirgi na matan da ka raye na. Yahiya kuwa ta Mairo ta. In ka iske ta, ka tambaye ta.”

Matan Tunga suka zaɓi Mode ya riƙa tuƙa musu, ya bar gidan Halliru ya koma ƙetare. Damina ta gaba mata da yawa suka haye a jirgin, cikinsu har da Hauwa'u, wadda ta je goyon ciki gidan iyayenta haihuwa ta zo mata da wuya. Ta sauka lafiya a Wurno, namiji. Labari ya kai Goronyo da Rabah, matan wasu mashigai suka aiko a tambayi Habi yadda aka yi. Ta ce su fara da tara itace, sauran zai zo da kansa. Albasar jam'iyya kuwa ta ci gaba da hayewa a tsohon jirgi, tana isowa da ɗan danshi, Shugaba bai taɓa kai kuka ba.

Halliru bai ƙara zama a bakin mashiga ba. Makaɗa sun sa ranar a waƙa, yara na yi masa ita in ya fito. Ya bar wa Isa sarautar, ya koma zaman ƙofar gida. Gidan kuwa a kan tudu yake, yana kallon gulbi, duk jirgin da ya haye a idonsa ne.

Da tsufa ya kama shi, ciwo ya kwantar da shi, abinci ya ƙi shiga, sai ga ƙwaryar kunu daga gidan Shugaba, mai tsamiya da zuma. Ya sha, ya zauna. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya murmure har ya koma fitowa ƙofar gida. Duk garin aka yi ta yabon Habi, liman har ya kawo ta misali a wajen wa'azi.

Maccido ya ji daɗi ƙwarai. Ya same ta tana dama kunun, ya ce, “Alhamdu lillahi, Habi. Ashe zuciyarki ta sauko.”

Ta ɗanɗana, ta ƙara zuma. Ta ce, “Wa ya hwaɗa maka? An ce mani in ya sha kunun ga shina samun ƙarhin hitowa ƙohwa. Damina ta kusa, Malam, matan Tunga bakwai ka da ciki. So ni kai shi ga hayewar kowace.”

Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta miƙa masa ta ce ya kai da zafinsa.